Ni da Surukina a Ƙofar Wankan Japan

Ranar Alhamis ce cikin watan Sha'aban, wajen ƙarfe goma na safe, a ofishin sitonmu da ke unguwar Sulay a Riyadh. Mu uku ne a ciki: ni, da Alhaji surukina mai siton, da wani dattijo mutumin Damagaram da ke tuƙa mana motar kaya, wanda ya shigo shan sanyin na'ura. Waya tana kan tebur an buɗe muryarta, Bajapanen da ke sayar mana da tsofaffin injunan mota yana magana.

Aikina ke nan a wurin. Alhaji ya daɗe a Riyadh, yana jin Larabci kamar nan aka binne cibiyarsa, amma ba ya jin Turanci. Ni kuma kafin in zo na yi shekaru ina fassara labarai ina karanta su a wani gidan rediyo a gida. Da na auri 'yarsa shi ya nema mini biza, kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, shi ne nawa, kuma ta hannunsa iƙamata, takardar izinin zama, ke sabuntuwa. Idan Bajapanen ya yi magana da Turancinsa mai tafiya yana hutawa, ni nake mayar wa Alhaji da Hausa.

Ran nan gayyata ya yi mana. Ya ce mu zo bayan salla mu ga filin da yake tara injunan, mu zaɓa da idonmu. Ya ce daga nan zai ɗauke mu zuwa cikin duwatsu, wurin da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, onsen suke ce masa. Ya ƙara da cewa a can suke sanin abokin hulɗa, don a cikin ruwan babu babba babu ƙarami, tunda babu mai ko zare a jikinsa.

Na ce wa Alhaji, "Baba, ya ce zai kai mu wani wurin ruwan zafi a yi wanka. A can suke karrama baƙo."

Alhaji ya shafa gwiwarsa ta hagu, wadda ke hana shi doguwar sujada. Ya ce, "Ka ce masa na gode. An ce irin ruwan nan yana taɓa sanyin ƙashi."

Na isar da godiyar. Ƙarshen maganar Bajapanen kuwa ban fassara masa ba.

Tun da na auri 'yar Alhaji ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan an kawo shinkafar rana, nakan ɗebi tawa in koma bayan kantocin giyar mota in ci. Da safe a durƙushe nake gaishe shi. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Da yawa daga mutanenmu na nan sun saki wannan al'ada, sukan zauna da surukansu a faranti ɗaya ana kallon ƙwallo. Mu ba mu saki ba, kuma ita ta sa nake iya yi masa aiki. Ba ya iya yi mini tsawa kamar yadda yake yi wa sauran ma'aikata, ni kuma ba na iya yi masa musu. Kowa na da filinsa. Na san idan muka tsaya a gaban juna yadda aka haife mu, ko da na ƙiftawar ido ne, wannan filin ya tafi, kuma ban san da wace fuska zan sake shiga ofishin nan in durƙusa ba. Ga kuma batun al'aura, wanda ya shafe mu duka ko da babu surukuta.

Daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina lissafin kaya sai in ga wayata a hannuna, ina sake karanta ƙa'idojin wankan. Akwai labule shuɗi na maza, ja na mata. Ana tuɓe komai a zuba a kwando. Ana zama a kan 'yar kujera a cuɗe jiki da sabulu a ɗauraye tas kafin a kusanci ruwan, don ruwan na jiƙa jiki ne, ba na wanke dauɗa ba. Ana ba mutum ɗan tawul da bai fi tafin hannu biyu ba, shi ma ba a yarda ya taɓa ruwan ba, a kan kai ake ɗora shi. Na yi ta neman wurin da za a ce baƙo zai iya shiga da gajeren wando. Duk inda na duba sai in tarar da wandon an zana shi an soke.

Idan an tashi aiki ba na wucewa gida kai tsaye. Nakan hau hanyar da ta kewaye gari in yi ta tafiya, ina jera jimloli a baki kamar zan shiga ɗakin watsa labarai. Na karanta labarin ambaliya da na haɗarin mota muryata ba ta yi rawa ba. Amma duk jimlar da na gina, da na kawo fuskar Alhaji gabana sai ta rushe.

Na rubuta wa Bajapanen cewa mu Musulmi ne, muna da ƙa'ida game da rufe jiki. Ya amsa da fara'a cewa kada in damu, kowane baƙo yakan ji nauyi a karon farko, minti kaɗan ne ya wuce. Ya ce ya riga ya kama mana ɗakuna.

Dattijon Damagaram ne ya fara lura. Ya same ni a bakin sito ina kai da komo a rana, ya ce, "Mai labarai, yau kai ne labarin ko? Tun ɗazu kake auna filin nan kamar za ka saya."

Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa ƙofar mota yana tari.

Ya ce, "To ka kwanta ciwo mana."

"Wa zai yi masa tafinta?"

"To ka faɗa masa."

"Da wane baki?"

"Da wanda kake faɗa wa duniya an yi juyin mulki." Ya share hawaye da bakin rawaninsa. "Ku 'yan boko kun cika wahalar da kanku. Yaushe aka taɓa faɗa wa suruki irin wannan magana baki da baki? Aikawa ake yi. Kana da 'yarsa a ɗaki, ita kuma tana da uwa."

Na ga gaskiyarsa. Haka aka nemi aurena, haka ake isar da duk wata magana mai nauyi tsakanin gidajenmu.

Matata a unguwar Naseem ta nan Riyadh aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Na same ta tana yanka albasa, na yi mata bayani ina kallon tukunya.

Ta ajiye wuƙar ta ce, "Abba? Haka nan, a gaban mutane? Mustahil." Sai dariya ta kama ta. "Kai ma za ka shiga? Da ɗan tawul a ka?"

"Ba abin dariya ba ne. Ki faɗa masa."

"Ni? Wallahi ba zan iya ba. Sai dai in gaya wa Umma."

Ranar Juma'a muka je gidansu. Na zauna a falon maza ina juya kofin shayi, kunnena yana cikin gida. A mota na tambaye ta.

Ta ce, "Halas, shi ke nan, na gaya mata."

"Me kika ce?"

"Na ce wankan can ba irin namu ba ne, ba sa rufe jiki sosai."

"Sosai?"

"To Malam, me kake so in ce wa uwata?"

Na mayar da hankalina kan tuƙi. Na ce a raina Hajiya surukata babba ce, za ta gane abin da ke bayan maganar. Bayan 'yan kwanaki, ina miƙa wa Alhaji takardun kwastan, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Hajiya ta yi mini bayanin wankan mutanen nan. Ba komai, na shirya."

Na ce, "To Baba."

Na so in tambaye shi wane irin shiri. Na tsaya da takarda a hannu har ya ɗago ya dube ni, sai na fita. Azumi ya zo ya wuce ina ɗauke da wannan tambaya. Wani lokaci in ce ya gane, ya shirya uzurin da zai bayar. Wani lokaci in tuna ɗakunan wankan tururi na shagunan aski a unguwar Utaiqa, inda maza ke shiga da wando, in ce shi ke nan, irin wannan yake zato.

A Japan kwanakin farko sun tafi lafiya. Bajapanen mutum ne gajere mai furfura, mai yawan rusunawa. Ya zagaya da mu filinsa, Alhaji yana sa a tayar da inji yana kara kunne, yana cewa wannan a ware, wancan a bari. Batun farashi ne mutumin ya ƙi taɓawa. Duk lokacin da na kawo shi sai ya yi murmushi ya ce a bari sai mun je duwatsu.

Muka isa masaukin da ya kama mana a cikin duwatsu da yamma, rana ba ta faɗi ba. Gidan katako ne a gefen rafi, iska tana warin farar wuta. Muka tuɓe takalma a ƙofa. Wata dattijuwa ta kawo mana riguna masu ɗamara, ta nuna cewa ɓangaren hagu ake ɗorawa a sama, don gawa kaɗai ake naɗe wa dama a sama. Alhaji ya ce, "Ashe su ma suna da nasu," ya gyara tasa. Na lura ya fito daga ɗakinsa da wata 'yar leda a hammata.

Muka bi wani dogon lungu har labule shuɗi. Bajapanen ya ɗaga ya shiga, Alhaji ya bi shi. Ni na tsaya ina gyara silifas ɗin da ba su karkace ba. Ko a gida ba na shiga wuri kafaɗa da kafaɗa da shi, don haka tsayuwata ba ta zama abin tambaya ba. Na jingina da bango ina jin ƙarar ruwa da ta bokitan katako. Wani tsoho ya fito jajawur yana fifita da hannu, ya rusuna mini ya wuce. Na je ƙarshen lungun na dawo. Na sake zuwa.

Sai na ji muryar wani yana maimaita kalma ɗaya cikin ladabi, yana ƙara maimaitawa. Sannan na ji Alhaji.

"Malam."

Bai ɗaga murya ba. Na shiga kaina a ƙasa.

Ɗakin tuɓe kaya ne, kwanduna jere a kan kantoci. Ƙofar gilashi ta wurin wankan a buɗe take, tururi yana shigowa. Alhaji yana tsaye a bakinta, ba riga, sanye da sabon wando baƙi wanda ya kama daga saman cibiya ya sauka ƙasan gwiwa, alamar ninki tana nan a jikinsa. Ma'aikacin wurin yana gabansa ya gicciye hannuwa biyu a ƙirji, yana rusunawa yana nuna wandon. Bajapanenmu kuwa ya riga ya shiga ya fara cuɗa, ya taso da kumfa a kafaɗa, ba abin da ke tsakaninsa da mu sai ɗan tawul ɗin nan da ya riƙe da hannu ɗaya.

Ban so in ga Alhaji ba, amma na gan shi. Ban taɓa sanin ya rame haka ba. Babbar riga ce ke cika shi. Akwai tabon aikin tiyata a ƙirjinsa wanda ko 'yarsa ba ta taɓa ba ni labarinsa ba. Shi kuma ya kafe idonsa a rufin ɗakin, don duk inda ya juya ta wancan gefen akwai abin da bai kamata ya gani ba.

Ya ce, "Me yaron nan yake cewa?"

Na durƙusa, don ban san wata tsayuwar da zan yi ba. Na ce da muryar da nake karanta sanarwa, "Baba, dokar wurin ta ce ba a shiga ruwan da sutura kowace iri ce."

"Kowace iri."

"Ko ƙyalle."

Ruwa yana ta zuba a ciki.

"Ka san da haka?"

"Na sani, Baba."

"Tun Riyadh?"

"Na aika."

"Abin da ya iso mini shi ne in nemi wando mai kauri." Ya ɗan ja numfashi. "Ni da kaina na je kasuwa na zaɓo shi."

Na miƙa hannu na ɗauko rigarsa daga kwando na ba shi ina kallon ƙasa. Ya saka, ya ɗora hagu a sama, ya ɗaure ɗamarar a hankali. Bajapanen yana ta tambayata ko wani abu ya faru, ko ruwan ya yi zafi da yawa, ko an ɓata wa baƙonsa rai.

Alhaji ya ce, "Ka faɗa masa, kuma wannan karon ka faɗa duka. Ka ce addininmu ya hana namiji buɗe tsakanin cibiya da gwiwa a gaban wani namiji. Ka ce kuma kai mijin 'yata ne, a wurinmu ko abinci ba ka ci a gabana. Ka ce ban raina ruwansa ba, na yi doguwar tafiya da niyyar shigarsa."

Na faɗa duka. Na kai wurin mijin 'ya sai na ga fuskar mutumin ta sauya. Ya tambaye ni ko da gaske Alhaji uban matata ne, don shi ya ɗauka ma'aikaci ne ni kawai. Na ce da gaske. Ya ce shi ma da ya je neman aure, uban matarsa wanka ya kai shi, ya ba shi tawul ya ce ya cuɗa masa baya, kuma a ranar ya san an karɓe shi. Na tsaya ina tunanin ko in fassara wannan.

Alhaji ya ce, "Duka na ce."

Na fassara. Alhaji ya sauko da idonsa daga rufi karo na farko, ya tuna mutumin ba kaya a jikinsa, ya mayar da shi. Ya ce, "Allah mai iko. Ka ce masa ya je ya sa kaya, sanyi zai kama shi."

Bajapanen ya yi ta rusunawa yana ba da haƙuri, yana ja da baya. Muka fita lungu muka jira shi, Alhaji a wannan bango, ni a wancan. Na ji ana ta magana da dattijuwar masaukin. Da ya fito ya ce akwai wani ɗan wurin wanka mai makulli da ake ba iyali, an kama wa Alhaji shi kaɗai gobe da safe. Amma yau, in mun yarda, akwai wani abu a tsakar gida.

Wani dogon kwami ne na dutse, ruwan zafi yana gudana a ciki, bai wuce ƙwauri ba. Ana zama a benci da kaya a jiki, a naɗe ƙafar wando a tsoma ƙafa. Bajapanen ya wanke ƙafafunsa a famfo tukuna, muka yi yadda ya yi. Bencin ɗaya ne, kuma gajere. Na tsaya a bayansu da niyyar in yi tafinta a tsaye.

Bajapanen ya matsa ya buga wurin da ke tsakaninsu da tafin hannu. Na dubi ƙeyar Alhaji.

Ya ce, "Zauna, Malam. An riga an wuce nan."

Na zauna a tsakaninsu, a bakin bencin, rabin jikina a iska. Ruwan ya cije ni, sannan ya sake ni. Ƙafafuna da na Alhaji suna cikin ruwa ɗaya, ina ganin yatsunsa suna motsi. Na yi ta janye gwiwata kada ta taɓa tasa. A nan Bajapanen ya buɗe maganar farashi da kansa. Ya faɗa in juya dama in mayar, Alhaji ya faɗa in juya hagu, ban kalli fuskar kowa ba. Kafin magariba sun daidaita. Aka kawo dafaffen ƙwai da aka dafa a ruwan dutsen, Bajapanen ya miƙa mini ɗaya. Na riƙe shi yana ƙona mini hannu har muka tashi.

Washegari Alhaji ya shiga wankansa shi kaɗai, ya daɗe. Da ya fito ya ce wa Bajapanen, ta bakina, gwiwar ta yi sauƙi. A jirgi kujerunmu suna jere, ya nemi ma'aikaciyar ta sauya masa wuri, ya ce yana son kusa da hanya saboda ƙafarsa. Ban san ko ƙafar ce ba. Na yi ta juya abin har muka sauka.

Na koma aiki ranar Lahadi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duba takarda kamar kullum. Dattijon Damagaram ya tare ni a bakin sito ya ce, "Mai labarai, a ba mu kanun labarai." Na ce an sayi injuna. Ya ce, "Saura cikakken rahoto." Na ce babu. Matata ma ta tambaya, na ce ruwan yana da zafi. Ta ce Abba ma abin da ya ce wa Umma ke nan.

Kwantenar ta iso bayan babbar salla. Da shekara ta zagayo Alhaji ya sake tafiya Japan, ya ɗauki wani ɗan Sudan da ba su haɗa komai ba ya yi masa tafinta. Ni kuma ya bar mini makullan siton.